Ƙwayar zink da jinin Gwaggona

Tun zamanin korona a 2020 Gwaggona ta riƙi ƙwayar zink kamar goro. Kullum da safe guda ɗaya mai miligiram 50, wai tana ƙara garkuwar jiki. Ba likita ya rubuta mata ba, yaro take aikawa kemis ɗin unguwa. Bayan shekara biyu ta fara kukan kasala, tafin hannunta ya yi fari fat, ƙafafunta suna sagewa, tana cewa ji take kamar a kan auduga take takawa.

Aka ce ƙarancin jini ne. Ta shanye kwalabe na maganin ƙarin jini, ga zogale, ga zoɓo, shiru kake ji. Sai da wata likita ta zauna ta tambaye ta: "Hajiya, ban da waɗannan, me kuma kike sha?" Ta ciro zink daga jaka. Gwaji ya nuna sinadarin jan ƙarfe ne ya yi ƙasa a jikinta.

E, jan ƙarfen da muka sani a wayar lantarki, jiki ma yana buƙatarsa, ɗan mitsitsi, kusan maikirogiram 900 a rana ga babba. Shi ke taimaka wa sinadarin ayon ya isa inda ake haɗa jini, jijiyoyi ma sun dogara da shi. To zink idan ya yi yawa, tare jan ƙarfen yake yi tun a hanji. Shi ya sa likitoci ke ba da zink ga masu cutar Wilson, waɗanda jan ƙarfe ke taruwa musu a hanta. Iyakar zink da aka yanke wa babba miligiram 40 ne a rana, Gwaggo kuwa kullum sai ta haura.

Abin da ke min ciwo, jan ƙarfen nan yana cikin kwanonmu: hanta, gyaɗa, riɗi, wake, gero. Ba ta rasa abinci ba, ƙwaya ce ta hana jikinta cin moriyarsa.

Kada a fahimce ni baibai. Zink na kwana 10 zuwa 14 da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari yana ceton rai, a ci gaba da bayarwa. Ƙorafina a kan shan shekara da shekaru ne, da masu kemis da ke miƙawa ba ko tambaya.

Jinin Gwaggo ya dawo cikin 'yan watanni bayan ta daina. Ƙafafun ne har yau ba su sake ta ba, sai ta dafa bango take zuwa alwala.