A rufe Sydney United? Lallai ma!

Wai a rufe Sydney United 58, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan asalin Kuroshiya a Ostireliya. Har yau akwai masu ɗauko bidiyon nan na wasan ƙarshe na Kofin Ostireliya na 2022 suna yawo da shi, suna cewa ƙungiyar ƙabilanci ce, a shafe ta kowa ya huta. Sannunku da aiki, alƙalan zaure.

Eh, abin da wasu magoya bayanta suka yi ranar ƙazanta ne. Ɗaga hannu irin na 'yan Nazi, ga ihu lokacin da ake jawabin girmama mutanen asalin ƙasar. An ci ƙungiyar tarar dalar Ostireliya 15,000, an hana wasu shiga filin wasa har abada, kuma sun cancanta. Shi ke nan, an hukunta mai laifi. To ina ruwan tsohon da ya tara kuɗin leburanci aka gina wa ƙungiyar fili a unguwar Edensor Park?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ci da rainuwa. Mutanen nan 'yan Kuroshiya ne da suka baro gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka kafa ƙungiya a Melbourne a 1953, wata a Sydney a 1958, da sunan ƙasarsu. A farkon shekarun 1990 hukumar ƙwallo ta ce sunan ba ya yi mata daɗi, a cire shi. Sydney Croatia ta koma Sydney United, Melbourne Croatia ta koma Melbourne Knights. Da aka fara A-League, babbar gasar ƙasar, a 2005 kuwa, ko kallonsu ba a yi ba. A 2014 aka ƙara da dokar hana sa sunan ƙabila ko tambarinta, sai 2019 aka ji kunya aka soke.

Amma yaran fa? Ai yaran ba a ƙi su ba! Mark Viduka, wanda ya zura wa Liverpool ƙwallo huɗu shi kaɗai a rigar Leeds a 2000, daga Melbourne Knights ya fito. Mark Bosnich, golan Aston Villa da Manchester United, Sydney Croatia. Mile Jedinak, kyaftin ɗin Ostireliya a gasar duniya ta 2014 da 2018, Sydney United. Tony Popovic da aka damƙa wa horar da tawagar ƙasar a 2024, a can ya tashi. Kawo ɗanka muna so, ɓoye sunanka ba ma so. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

Wani zai ce ai cire sunayen ne ya kawo zaman lafiya a filaye, ya jawo masu kuɗi. Allah ya ba da sa'a, ban da lokacin wannan.

Tsakani da Allah, ku tuna su wa suka buga wasan nan na 2022. Samari ne da ba ƙwallo kaɗai ke ciyar da su ba, a tashi aiki a gaji, a ɗauki takalmi a tafi atisaye da yamma. Su ne ƙungiyar farko daga wajen A-League da ta kai wasan ƙarshe na kofin. Macarthur ta ci su 2-0, kuma ko wannan ba a tunawa. Wasu wawaye cikin 'yan kallo sun cinye musu ranarsu, ku kuma kuna so ku ƙarasa musu da rufe gida.

Af, kun tuna wasan Ostireliya da Kuroshiya a gasar duniya ta 2006, da aka tashi 2-2? Josip Šimunić, haifaffen Canberra, tsohon ɗan Melbourne Knights, Kuroshiya ya buga wa, Viduka kuma na riƙe da kambun Ostireliya.