Wai babu mai ɗaukar nauyi

Masu tashar tele sun dai aikata abin da aka daɗe ana raɗe-raɗin za su aikata. Da layi uku a shafinsu na Facebook suka sallami shirin ƙauyen nan da yake tara mu gaban tele kowane daren Asabar, har suna yi mana godiya bisa fahimta, alhali babu wanda ya tambaye mu ko mun fahimta. A gurbinsa kuma an kawo mana dogon fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa, domin a ganin masu tashar, abin da manomin Gidan Rumji ya rasa a duniya shi ne sanin yadda rigimar suruka da matar ɗanta za ta ƙare a Mumbai. Sannunku da ƙoƙari.

Dalilin da suka bayar shi ne wai babu mai ɗaukar nauyi, ni kuwa wannan magana ba ta shiga kunnena ba. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa jihar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3, amma waɗanda ke zaune cikin birnin ba su kai dubu 300 ba. Sauran suna karkarar Tasawa da Madarumfa da Mayayi da Dakwaro da Agye, kuma su ne ke sayen taki da iri da maganin feshi da babur da katin waya, su ne kuma ke layi a rumfar karɓar kuɗin da 'ya'yansu suka turo daga Libiya da Aljeriya da wajen haƙar zinariya na Jado. Duk wanda ya kasa samun talla ga shirin da waɗannan mutane suke kallo, to bai fita nema ba. Abin da ya kashe shirin nan kunyar ƙauye ce, irin ta mutumin da ya samu ofis mai sanyi a birni ya fara jin nauyin a ga inda aka binne cibiyarsa.

Kuma ku lura da abin da aka tsayar. Mun saba da wasannin da ake kawo baƙauye ya shigo birni da baki buɗe, ya gaida madubi, ya ji tsoron famfo, 'yan birni su yi ta ƙyaƙyata. A shirin nan baƙauye ne mai wayo. Ku tuna makon da akuya ta shiga gonar wake, aka kai ƙara gaban maigari, sai ya tarar mai akuyar surukinsa ne, mai gonar kuma shi ne ya ranta masa dami biyu na hatsi da bazara. Nan take kurumta ta kama maigari, ya riƙa sa hannu a kunne yana cewa a maimaita, har rana ta faɗi aka tashi salla, matan gidajen biyu kuwa sun riga sun sasanta a bakin rijiya tun da hantsi. Ko kuma ma'aikacin nan da ya sauko daga farar mota da littafinsa a hammata, ya tara dattawa a gindin gawo yana koya musu yadda ake barin tohon itace a gona, sarkin noma yana gyaɗa kai cikin ladabi yana jiran a zo maganar kuɗin zama. Duk ɗan Maraɗi ya san inda dariyar take, domin sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona, a jihar nan ya kafu tun shekarun 1980, kuma daga ƙasashe da dama ake zuwa ganin yadda manomanmu suka yi shi. Wanda ya rubuta wannan ya san ƙauye ciki da bai, ya san bambancin gandu da gamana, ya san yadda 'yar kasuwa ke lotsa gindin tiya idan za ta auna maka ta kuma nemo wata idan za ta auna daga gare ka. Irin wannan sani ba a samunsa a fim ɗin da aka sayo da arha aka ɗora masa murya.

Na ga wasu suna rubuta cewa dama shirin yana zubar da mutuncin mutanen karkara. Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa zama sun kalle shi tare da mutanen karkarar ba, da sun ga wanda ya fi kowa dariya. Wasu kuma sun ce a mayar da shi YouTube, kamar tsohuwar da ke jiran daren Asabar a wani ƙauye na Tibirin Gobir tana da babbar waya da kuɗin intanet, ko kamar 'yan wasan za su ci yabo su ƙoshi. Shirin nan a taro ake kallonsa, gaban shagon mai cajin waya, yara a ƙasa, manya a kan benci, ana gardamar wane ne maigarin ya fi kama da shi. Raba mutane kowa da wayarsa wani abu ne daban.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙasar nan tamu ta Nijar ta taɓa sanin darajar wannan aiki. Zamanin mulkin Seyni Kunce an kai akwatunan tele masu aiki da hasken rana ƙauyuka domin jama'a su taru su kalla, samariya kuma, wato ƙungiyar matasa, tana shirya wasannin kwaikwayo ana gasa tsakanin jihohi, kuma daga irin wannan turba su Yazi Dogo suka zama sunan da kowane gida ya sani. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muka yi ta murna a nan shafin. Ga shi yanzu shirin da ya fi kowane shiri magana da Hausar gona da ta kasuwar ƙauye shi aka fara sadaukarwa, aka bar mu da Hausar da ake tilasta wa leɓen wani ɗan wasa na wata nahiya. Ina faɗa da zuciya ɗaya cewa mutanen da suke noma abin da muke ci sun cancanci su ga kansu a tele da mutuncinsu, ko da sau ɗaya ne a mako.

Tun da sun yanke hukunci, aƙalla su damƙa wa 'yan wasan kwafin abin da aka ɗauka, kada ya ruɓe a cikin wata kwamfuta har ranar da za a goge shi don a samu wurin ajiye tallar sabulu. Sannan mai gurmin da ke buɗe shirin, wanda yara har a hanyar makaranta suke kwaikwayon kiɗansa da baki, ban taɓa ganin an rubuta sunansa a ƙarshen shiri ba, alhali sunan direban tashar ma yana fitowa. Wanda ya san shi ya gaya masa akwai masu bikin da ke nemansa bayan kaka.