Tsohon da Ya Sa Yaro Wankin Mota

Asabar ɗin da ta wuce aka nuna The Karate Kid a filin shaƙatawa na unguwarmu a nan Amurka. Majigin nasu da iska ake hura shi kamar balan-balan. Tun rana ba ta faɗi ba, kuma a wannan lokacin sai wajen ƙarfe tara take faɗuwa, mutane suka shimfiɗa barguna a kan ciyawa, kaka da jika da karen gida, kowa da gugguru a hannu, wasu a kan kujerun naɗewa masu ramin ajiye kofi. Fim ɗin 1984 ne fa, amma wani dattijo a gefena yana riga 'yan wasan faɗin maganarsu.

Muna hanyar gida ɗana mai shekara 11 ya ce mini, da Turanci, ina ma yana da irin Mista Miyagi. Wallahi maganar ta soke ni.

Me Miyagi ya yi? Tsoho ne ɗan Okinawa, mai gyare-gyare a gidan hayar da Daniel, yaron fim ɗin, da uwarsa suka sauka a Los Angeles. Yaro ya zo koyon faɗa, sai aka ba shi wankin motoci da goge su, da fentin shinge, har ya fusata. Ashe hannunsa ake horarwa. Wannan ne Amurkawa suka shekara 40 suna jinjinawa, har suka ɗora shiri mai dogon zango, Cobra Kai, a kansa a 2018. Ni da na shekara biyu ina shara da guga da sa maɓalli a shagon tela kafin a bar ni in taka keke, me zan gani sabo? Tambayi kowane yaron makaniki, ko ɗan damben da ya fara da riƙe wa ubangidansa kaya.

Gaskiya ɗaya dai, sun fi mu zama da iyali a gaban majigi. Mu fim ɗin Chanis a ɓoye muka kalle shi, wanda aka gani a ƙofar sinima ya san abin da ke jiransa a gida. Amma ina ganin abin da suka rasa ne suke zuwa kallo. A nan maƙwabci ba ya tsawata wa ɗanka, kai ma in ka kuskura ka yi wa nasa, ɗan sanda ne zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Makarantar kareti kuwa kuɗi ake biya duk wata, malamin har godiya yake wa yaro don ya zo.

A layinmu can gida irin su Miyagi sun fi goma, ba mu ma san sunan abin ba. Ɗana bai san ko ɗaya ba, kuma ni na kawo shi nan.

Washegari na miƙa masa bokiti da soso, na nuna masa mota. Ya dube ni ya ce nawa zan biya.