Littafi na biyu ya raba min zuciya biyu

Na ga wani rahoto cewa littafi na biyu na wani labarin aljanu da soyayya ya fito, matasa na ta rububinsa. Gaskiya ne, ƙanwata da ƙawayenta a Gwale ba su da hira sai tasa. Ni ma na karanta, amma ban gamsu gaba ɗaya ba.

Birnin aljanun da marubuciyar ta gina a ƙarƙashin Dutsen Dala ya burge ni matuƙa. Ta ɗauko Barbushe da Tsumburbura daga tarihinmu, ta sa kasuwar aljanu tana ci bayan isha'i, har da mai turaren wuta da ba ya karɓar kuɗi, sai dai ka ba shi mafarkin da ka yi daren jiya. Wallahi sai da na maimaita wannan wurin.

Soyayyar ce ta ba ni haushi. A na farko yarinyar da labarin yake a kanta ita ta ceto ƙaninta, ga zuciya ga baki. Daga bayyanar ɗan sarkin aljanu sai ta koma kuka da jiran a yanke mata shawara, shi kuma kishinsa har hana ta zuwa gidansu yake yi, wai duk so ne. 'Yan mata masu shekara 15 ke karanta wannan fa! Ga kuma tsohon halin littattafan soyayyarmu, tun ana sayensu a Sabon Gari har yau da ake turo su ta WhatsApp: a ja labari, a datse shi a tsakiya don na uku ya samu kasuwa. Zan sayi na ukun, amma don Allah a dawo wa yarinyar da jarumtarta.