Wa Ya Sa Hannu A Kan Wannan Zanen?

Bawan Allahn da ya kwana yana turo mini bayani a kan dalilin da ya sa bama-bamai suke faɗowa ƙasa a sararin samaniya a fim ɗin The Last Jedi na jerin Star Wars, na gode, Allah Ya mayar maka da kuɗin datar da ka ƙona, amma ka amsa tambayar da ban yi ba. Na ji, wai maganaɗisu ne yake tunkuɗa su, wai an rubuta haka a littafin hotunan da aka fitar tare da fim ɗin a 2017. Na karɓa. Su faɗo da maganaɗisu ko su faɗo da tsafi, duk ɗaya ne a wurina. Abin da na tambaya shi ne, wane mai hankali ne ya zana jirgin yaƙi mai tafiyar hawainiya, ya cika masa ciki da bama-bamai sama da dubu, sannan ya ce ba zai amfanu ba sai ya je ya tsaya daidai saman kan abokin gaba? Kun kalli wurin da idonku. Jiragen sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya kama da wuta ya cinye na kusa da shi, wanda ya rage kuwa sai da wata baiwar Allah ta yi ta harbin tsani da ƙafa domin abin latsawa ya faɗo mata daga sama. Ba wanda ya koma gida a cikinsu. Shekara 40 kafin nan, a fim ɗin Star Wars na farko na 1977, ƙananan jirage suna harba makami daga nesa su juya su tsere. Wa ya sa hannu a kan zanen da ya mayar da su baya haka?

Wannan ita ce maganata tun farko, kuma ba zan gaji da maimaita ta ba. Ban da rigima da abin da ba zai yiwu ba. Ka ce mini kumbo yana gudu fiye da haske, na yarda. Ka ce takobi na haske ne, na yarda. Ka ce akwai wani ƙarfi da yake ɗaga duwatsu idan mutum ya rufe ido, wannan ma na yarda, domin da sanina na zauna kallon ƙirƙirarren labari. Rigimata tana farawa ne a lokacin da aka nuna mini mutanen da suka iya duk waɗannan abubuwa, sannan aka ce ba su da tunanin da kowane makaniki yake da shi. Ƙarya ma tana da tsari. Idan ka ba mutanenka fasahar tsallaka taurari, dole ka ba su hankalin da ya kai su ga wannan fasahar.

Ku ɗauki Death Star, tashar yaƙin muguwar daular da 'yan tawaye suke yaƙa a fim ɗin 1977, wadda ta kai girman ƙaramin wata. An gina ta da bututun fitar da zafi mai faɗin mita 2, wanda ya miƙe sambal har zuwa tukunyar makamashinta, babu lanƙwasa, babu raga, babu murfi. Za ku ce ai fim ɗin Rogue One na 2016 ya bayyana cewa injiniyan da aka tilasta wa aikin ne ya bar rauni da gangan. Madalla. An ɗauki shekara 39 kafin a samo wannan amsar, kuma ko ita ba ta faɗa mini abin da sauran dubban injiniyoyin suke yi ba da har babu wanda ya duba aikin mutumin da kowa ya san dole aka yi masa. To a bar ta farko. A fim ɗin 1983 sun sake gina wata, aka shige cikinta da jirgi sukutum har tukunyar makamashi aka fasa. A na 2015 suka mayar da duniya guda ta zama bindiga, ita ma da wuri ɗaya tak da za a daka komai ya tarwatse. A na 2019 kuma aka kawo rundunar manyan jirage da ba za su iya tashi daga inda aka ɓoye su ba sai wata hasumiya guda ta nuna musu hanya. Sau huɗu ke nan. Wannan daula ba ta buƙatar 'yan tawaye, ofishin zane-zanenta ya ishe ta abokin gaba.

Ko gwamnatin Amurka ta lura da abin. A ƙarshen 2012 mutane sama da 34,000 suka sa hannu a takardar neman a gina Death Star ta gaske, kuma a Janairun 2013 fadar White House ta ba da amsa ta bakin wani jami'inta, Paul Shawcross. Ya kawo kiyasin kuɗin, dala 850 da sifiri 15 a bayanta, ya ce gwamnati ba ta goyon bayan tarwatsa duniyoyi, sannan ya tambayi dalilin da zai sa a zuba kuɗin haraji a kan abin da jirgin mutum ɗaya zai iya rusawa. Raha yake yi, amma tambayarsa ita ce tawa.

Sai kuma waɗancan manyan motocin yaƙi masu ƙafa huɗu na The Empire Strikes Back, fim ɗin Star Wars na 1980, waɗanda tsayinsu ya haura mita 20. Ina son ku tuna cewa a wannan duniyar tasu, yaron gona ma yana da motar da take shawagi ba ta taɓa ƙasa. Fasahar tana ko'ina, ta yi araha. Amma daular da ta fi kowa dukiya ta zaɓi ta ɗora sojojinta a kan dogayen ƙafafu, ta kafa bindigogin duka a kai suna kallon gaba, ta bar baya da ciki a buɗe. Yaya aka kayar da ita? Da igiya. Dabaibayi aka yi mata, irin wanda ake yi wa raƙumi a bakin kasuwa, ta taka ɗaya biyu ta kifa da baki. Duk wanda ya san dalilin da ya sa tankar yaƙi take tafiya a kan sarƙa ya san amsar: sarƙa tana baza nauyi a kan faɗin ƙasa, kuma tana barin motar ta kwanta ƙasa-ƙasa ta yi wuyar hange. Ƙafa tana tara nauyin duka a wuri kaɗan, a kan ƙanƙara ma kuwa, kuma kowace gwiwa wurin karyewa ce. Wa ya sa hannu?

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini: ai an yi su ne don su tsorata mutane. Abin tsoro shi ne makamin da ba ka iya kayarwa. Wanda aka kayar da igiya a gaban jama'a, daga ranar ya zama abin dariya.

Akwai kuma masu cewa ai a duniyar gaske ma an gina shirme. Gaskiya ne, kuma na fi ku son waɗannan labaran. A 1915 Rasha ta ƙera wata motar yaƙi mai tayoyin gaba da tsayinsu ya kai kusan mita 9, ƙaramar tayar baya ta kafe a ƙasa mai laushi tun a gwaji, aka bar ta a daji har aka yanka ta a 1923. A 1628 jirgin ruwan yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya bar gaɓa a Stockholm da bene biyu na igwa, samansa ya yi nauyi, bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi ya nutse a gaban 'yan kallo. Tun kafin ranar an sa mutum 30 su yi ta gudu daga gefe zuwa gefe don a gwada shi, aka dakatar da su saboda yana neman kifewa, amma aka yi shiru domin sarki yana jira. Jamus ma ta ƙera tankar Maus mai nauyin tan 188, wadda yawancin gadoji ba za su ɗauke ta ba. Duk na yarda. Sai dai ku lura da abin da ya biyo baya: Rasha ba ta sake yin ta biyu ba, Maus ba ta wuce gwaji ba, ɗan'uwan Vasa da aka gama bayansa kuwa an ƙara masa faɗi. Mutane suna yin wauta, su sha kunya, su gyara. Mutanen fim ne kawai suke maimaita wautar da ta kashe su, su ƙara mata girma.

Ɗakin kyaftin ma haka. A manyan jiragen Star Wars an ɗora shi a kan hasumiya can ƙololuwa, da manyan tagogi, kamar ana gayyatar maharbi. A fim ɗin 1983 jirgi mai tsawon kilomita 19 ya hallaka saboda ƙaramin jirgi ɗaya ya faɗa ta tagar ɗakin. Tun Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwa suka koyi tattara bayanan yaƙi a wani ɗaki da ke cikin jirgi, a gaban na'urar rada. A sararin samaniya kuwa taga ba ta da abin da za ta nuna maka, domin abokin gaba yana nisan dubban kilomita. Kuma gudun da ake yi a can ba wasa ba ne. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafiyar kusan kilomita 28,000 a awa, kuma a 1983, shekarar da wancan fim ya fito, ɗan ɓarɓashin fenti ya sassaƙe gilashin kumbon Challenger har sai da aka canza shi. Fenti kawai. Amma an ce mini babban kwamanda zai tsaya a bayan gilashi, hannu a baya, ana ruwan wuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ɗin nan da muke kare waɗannan abubuwa mu ne muke shan dariya idan jarumin fim ɗin Indiya ya daki mota ta tashi sama. Shi aƙalla bai ce mana injiniya ba ne. Na Amurka ya zo da zane, da lambobi, da sunayen sassa, da littafin bayani, sai muka ɗauka hankali ne. A Pacific Rim na 2013, ƙaton mutum-mutumin yana da takobin da yake raba dodo biyu a sara ɗaya, amma sai da ya gama dambe, ya jawo jirgin ruwa ya yi kulki da shi a titunan Hong Kong, aka rushe rabin unguwa, sannan aka tuna da takobin. Ina bambancin?

Bari in ajiye ba'a. Ina son waɗannan finafinai, kuma na san inda matsalar ta samo asali. George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, ya yi amfani da hotunan faɗan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu wajen tsara yaƙe-yaƙensa, kuma harin da aka kai wa Death Star ya ɗauko salo daga The Dam Busters, fim ɗin Ingila na 1955 a kan jiragen da suka kai wa madatsun ruwan Jamus hari. Shi ya sa jiragensa suke karkata kamar akwai iska, suke bin juna a baya, maharbi yana juya bindiga da hannu. A 1977 wannan dabara ce mai kyau, domin mai kallo ya gane abin da yake gani nan take. Laifin na waɗanda suka zo daga baya ne, da suka gaji siffar suka daina tambayar amfaninta.

Kuma abin takaicin shi ne gaskiyar ta fi kyau. Ku nemi hoton ƙaramin kumbon da ya sauka a wata a 1969. Ba shi da fiffike, ba shi da tsini, ƙafafu a warwatse, jiki a lulluɓe da abu kamar takardar ƙyalli. Injiniyoyin kamfanin Grumman sun cire kujeru don rage nauyi, 'yan sama jannatin suka tuƙa shi a tsaye, kuma da yake fuskarsu ta matso kusa da taga, sai aka ƙanƙanta tagogin aka ƙara rage nauyi. Kowace kusurwa a jikinsa tana da dalili. A 1970 irinsa ne ya riƙe ran mutum uku na Apollo 13, kumbon da ya lalace a hanyar zuwa wata, har suka kusa gida. Ni a wurina babu kumbon fim da ya kai shi kwarjini. Ko matsalar zafi kaɗai ta isa labari: a can babu iskar da za ta kwashe zafi, sai an shimfiɗa manyan faranta su fitar da shi, kamar waɗanda suke jikin tashar ƙasa da ƙasa. Masu shirya fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968 sun san haka, sun zana wa kumbonsu farantan, sannan suka cire don kada mai kallo ya ɗauka fikafikai ne. Wannan na yafe, domin sun san abin da suka bari. Shirin talabijin na The Expanse kuwa ya nuna cewa ana iya yi: jiragensa an jera benayensu kamar dogon gini a kan injin, idan an ci rabin tafiya jirgi ya juya baya ya kunna wuta don ya rage gudu, mutane suna ɗaure a kujera jini yana neman tsayawa. Babu wanda ya kalle shi ya ce ya yi barci. Saboda haka mai cewa hankali yana kashe daɗin fim, ya nemi wata hujjar.

Ƙanena mai maganaɗisu, kada ka sake turo mini shafin littafi. Duk abin da sai an buga littafi daban kafin ya yi ma'ana, bai yi ma'ana a fim ɗin ba. Ka kawo mini sunan wanda ya sa hannu a kan zanen.

Tun da kuma muna kan ofishin zanen, akwai abin da ya daɗe yana damuna. A cikin Death Star ta farko, mutanen da suke aiki a ramin da babbar wutar take bi sun tsaya a kan ɗan dandamali, wutar da take tarwatsa duniya guda tana wucewa ta gabansu, babu ko ƙarfen dafawa, sai dai su kau da kai su kare fuska da hannu. Maɓallin kashe na'urar da take janyo jirage kuma an kai shi bayan wani ginshiƙi, a kan siririyar hanya, ƙarƙashinta rami marar iyaka. Shi kansa sarkin daular ya sa an haƙa masa irin wannan rami a ɗakin da yake zama a Death Star ta biyu, kuma a cikinsa aka jefa shi. Ina so in san ko akwai wanda ya taɓa lissafa ma'aikatan da suka zame suka faɗa tun kafin 'yan tawaye su iso, da kuma wanda yake biyan iyalansu.