Dogayen gine-ginen dutse na karkarar Ireland ba fadojin sarakuna ba ne

Mai yawo a karkarar Ireland kan hango dogon ginin dutse a tsakiyar makiyaya, ya ɗauka tsohuwar fadar sarki ce. Galibinsu gidajen masu ƙasa da shugabannin dangi ne, na ƙarni na 15 zuwa na 17. A 1429 har doka aka yi ta ba da tallafin fam 10 ga wanda ya gina irinsu a kewayen Dublin, babban birnin Ireland.

Tsoron hari ne ya tsara su. Matakalar ciki matsattsiya ce mai murɗewa, sai dai a hau ɗaya bayan ɗaya. Saman ƙofa ga kafar jefo wa mahara duwatsu. Farfajiyar da aka kewaye da katanga kuwa, nan ake kora shanu da dare, don satar shanu ta yi ƙamari a wancan zamani.