Yatsu uku, dubu hamsin a ambulan, da "Allah ya kiyaye gaba"

Jama'a yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ya daɗe yana ci na a rai kuma na gaji da yin shiru.

Ɗan yayata ne, shekararsa 22, yana aiki a wani kamfanin roba a nan Kano, irin waɗanda suke sayen tsofaffin bokitai da silifas da jarkoki su markaɗe su sake narkawa. Aikin dare yake yi, awa 12 a tsaye, daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. Injin markaɗen da yake kai akwai wani murfi na ƙarfe da ya kamata ya kasance a bakinsa, murfin ya karye tun tuni ba a gyara ba, su kansu yaran sun saba da shi a haka har sun daina magana. Wajen ƙarfe huɗu na asuba roba ta maƙale, ya sa hannu zai tura, shi kenan. Yatsu uku na hannun dama. Abokan aikinsa ne suka naɗe hannun da tsumma suka tare adaidaita sahu suka kai shi asibiti, domin kamfanin ko motar ko-ta-kwana babu, ko akwatin magani na kirki babu.

In faɗi gaskiya, kuɗin asibiti na farko sun biya. Bayan kwana huɗu manaja ya zo dubiya da wani mutum, ya miƙa min ambulan ya ce "Malam, ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba." Na buɗe a gida, dubu hamsin. Yayata kuwa tana kuka tana cewa a bar wa Allah, kar a ja magana da masu kuɗi, har godiya ta sa na kira na yi musu a waya. Kuma na kira na yi, wallahi har yau in na tuna wannan kiran sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Bayan wata biyu yaron ya koma da bandeji a hannu yana neman ko aikin gadi ne su ba shi, aka ce masa an riga an sa wani a gurbinsa, kuma dama shi ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangilar da ya kawo shi ne ubangidansa. Shekara biyu yana kwana a kan injinsu amma ranar da injin ya ci hannunsa sai ya zama ba su san shi ba.

Sai da aka daɗe sannan wani abokina da yake aikin akanta a Kaduna ya tambaye ni, an kai rahoto NSITF kuwa? Na ce mene ne kuma NSITF. Ni da na yi boko, ina karanta jarida, ina jin rediyo kullum, ban taɓa sanin akwai dokar da aka yi musamman saboda irin wannan ranar ba. To ina ga lebura da ya baro ƙauye ya zo Sharada ko Challawa ko Bompai neman na abinci?

Ga abin da na gano, kuma don Allah duk wanda yake da ɗan'uwa a kamfani ko wajen gini ya karanta nan da kyau. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Disamba na shekarar, ita ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Dokar ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a wani asusu da NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikata, take kula da shi. Daga aljihun mai kamfani kuɗin zai fito, an hana shi ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci saboda wannan. In hatsari ya faru daga wannan asusun ake biyan magani, da kuɗin zaman jinya, da diyyar nakasa, har hannun roba ko ƙafar roba da koya wa mutum wata sana'ar in ba zai iya komawa tsohon aikinsa ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa za a riƙa ba shi duk wata. In mutuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 take samu, mai ɗa ɗaya kashi 85. Kuma abin bai tsaya a kan injin kaɗai ba, cutar da aiki ya jawo ta shiga, kamar masu shaƙar sinadari a majema ko ƙurar siminti, kurumtar da ƙarar inji take jawowa ta shiga, kai har hatsarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida ya shiga.

Wurin da ya fi ƙona min rai shi ne inda dokar ta fassara wane ne ma'aikaci. Ta ce ko da baki aka ɗauke ka ba takarda, ko na wucin gadi ne kai, ko aikin rana kake, ko ɗan koyo ne, kai ma'aikaci ne, har 'yar aikin gida in dai ba 'yar gidan ba ce. Sojoji kawai aka ware. Ke nan wannan magana ta "ai kai ba cikakken ma'aikaci ba ne" da ake rufe bakin yaranmu da ita ba ta da gindi. Sannan tsarin ba ya tambayar laifin wa ne, ba sai ka je ka tabbatar da cewa mai kamfani ya yi sakaci ba, in dai a bakin aiki abin ya same ka to kana da haƙƙi.

Yanzu mu yi lissafi tsakani da Allah. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira dubu 70 ne. Kashi ɗaya cikin ɗari nasa naira 700 ne a wata. Ɗari bakwai! Mai kamfanin da yake da leburori 50 a kan wannan albashin, dubu 35 ce za ta fita daga hannunsa a wata, kuɗin da bai kai man da janaretonsa yake sha kafin azahar ba. Wannan ɗan abin ne wasu suke gudu, su ƙi rajista, ko su yi rajistar mutum goma na ofis su ɓoye mutum ɗari biyu da suke cikin zafin inji, su ce na ɗan kwangila ne. Kuma mutumin nan da ya ƙi biyan ɗari bakwai saboda hannun yaron mutane, shi ne za ka ga ya yi wa injin inshora, ya yi wa sito inshorar gobara, ya yi wa tirelolinsa. Injin yana da wanda zai biya in ya lalace, yaron da yake tura roba a cikinsa ba shi da kowa.

Na san abin da wasu za su ce a ƙasa, ƙaddara ce, Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara. Na yarda da ƙaddara mai kyau da marar kyau, ba na wasa da wannan. Amma don Allah a ina addini ya ce imani da ƙaddara yana goge haƙƙin bawa? Duk wanda ya zauna a gaban malam a zaure ya yi karatun Risala ya wuce ta babin diyya. Rai raƙuma 100. Hannu ɗaya rabin diyya, ido ɗaya rabin diyya, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Wannan hukuncin yana cikin wasiƙar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rubuta wa Amru bin Hazm. Ba ina ba da fatawa ba ne cewa kowane hatsarin aiki akwai diyyar shari'a a wuyan mai kamfani, wannan na malamai ne da alƙalai su duba yadda abin ya faru. Abin da nake cewa shi ne addinin da ya sa wa yatsa ɗaya darajar raƙuma goma ba shi ne zai koya mana cewa yatsu uku dubu hamsin ne ba. Addinin da ya ce a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, yaya zai ce in jininsa ya zuba a yi shiru? Kuma shi wanda ya bar murfin inji a karye wata da watanni, ina ya baro hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali? Ƙaddara kullum a bakin mai ƙarfi take fitowa idan zai sallami marar ƙarfi, ban taɓa jin mai kamfani ya ce ƙaddara ce ya yafe ba idan lebura ya fasa masa kaya, a albashi ake cirewa.

Masu cewa inshora akwai shubuha a ciki, to wannan asusun dai kuɗi ne da doka ta wajabta a tara don a tallafi wanda abu ya sama, ya fi kama da yadda dangi suke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure. Ga wanda yake son ƙarin kariya ga ma'aikatansa kuma akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan. Har ila yau dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata da take hawa kansu su yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, wannan daban ne da na NSITF, iyalai da yawa an yi musu rasuwa ba su taɓa tambaya ba.

Ba zan zo nan in wanke ita hukumar ba. A 2022 duk mun ji labarin da ya fito daga kwamitin majalisar dattawa, inda aka ce gara ta cinye takardun shaidar kashe kuɗi na wajen naira biliyan 17 na wannan hukuma. Kuɗin marayu da guragu ne fa ake wannan maganar a kansu. Irin wannan ne yake ba mai kamfani hujjar cewa me zai sa in zuba kuɗina a rami. Amma maganin ɓarna a asusu shi ne a kama ɓarayi a gyara, ba a bar lebura tsirara ba. Sannan ina masu duba masana'antu na ma'aikatar ƙwadago? Dokar masana'antu ta ce a killace duk wani ɓangaren inji mai haɗari. A 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Legas, ma'aikata gommai suka ƙone saboda an kulle su a ciki da dare. A nan Kano a 2020 lokacin kullen korona 'yan sanda suka fito da mutane sama da ɗari da aka tsare a wani kamfanin shinkafa suna aiki wata da watanni ba fita. Duk mun yi surutu na kwana uku muka wuce. Je ka asibitin ƙashi na Dala ka zauna na awa ɗaya ka tambayi masu bandeji inda suka samu rauninsu, za ka ji injin niƙa, injin yankan katako, faɗowa daga bene wajen gini ba igiya ba hular kwano.

Mu ma muna da namu laifin. Kunya da tsoro sun yi mana yawa, muna ganin neman haƙƙi kamar rashin godiya ne ko rashin tawakkali, talaka yana ganin ofishin gwamnati ba wurin zuwansa ba ne. Malamanmu na Juma'a ina roƙonku, huɗuba ɗaya a shekara a kan haƙƙin ɗan ƙwadago ba za ta yi yawa ba, masu kamfanonin nan a sahun gaba suke zama. Gidajen rediyonmu da suke da shirin siyasa safe da yamma, a ba wannan minti talatin mana. 'Yan ƙungiyar ƙwadago kuma, ma'aikaci ba na sakatariya ne kaɗai ba.

Abin da ya cuce mu mu dai lokaci ne, shi ya sa nake so ku riƙe wannan. Dokar ta ce ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya, sai da wani dalili na musamman ake ɗagawa zuwa shekara uku. Ku sanar a rubuce ku riƙe kwafi, ko da saƙon waya ne. Ku ɗauki hoton raunin da na injin in da hali, ku adana katin asibiti da rasit da katin shaidar aiki da alat ɗin albashi, ku karɓi lambar waɗanda abin ya faru a gabansu tun kafin a tsorata su. Kuma kar wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba a kan gadon asibiti, ko nawa ne a cikin ambulan ɗin. In kamfani ya ƙi, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Kano, akwai kuma hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta.

Mu shekara ta riga ta wuce kafin mu farga, amma mun samu wata lauya ta karɓi takardun tana dubawa, biyu daga cikin abokan aikinsa sun ce za su ba da shaida duk da ɗaya har yanzu a can yake aiki. Shi kuma yaron na haɗa masa ɗan teburin POS a bakin layinmu, yana koyon ƙirga kuɗi da rubutu da hannun hagu. Shekaranjiya na tsaya a wajensa ya ce min, Kawu, an ce har yau ba a sa wa injin nan murfi ba, kuma yaron da aka sa a gurbina bai kai ni shekaru ba.